Cire tsohon tayil daga bangon banɗaki na filastabod: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan uwanmu mazauna Ingila suke yawan yi, musamman waɗanda suka sayi gidan farko suka tarar da banɗaki mai tayil ɗin da ya girmi 'ya'yansu. Yawancinmu a gidan bulo da siminti muka taso, inda mai tayil zai ɗauki guduma ya yini yana dukan bango, bangon ko gezau. Na nan ba haka yake ba, kuma kusan duk asarar da na ga mutane sun yi daga wannan rashin sani ta fito.

Wai shi filastabod ɗin nan mene ne, kuma yaya zan gane shi ne a banɗakina?

Allo ne na garin jifsam da aka matse tsakanin takardu biyu masu kauri. Ɗan uwan POP ɗin da ake yin silin da shi a gida ne. Wanda aka fi samu tsawonsa mita 2.4, faɗinsa mita 1.2, kaurinsa milimita 12.5. Ƙarfinsa duk a takardar nan yake. Idan ta yage ko ta jiƙe, abin da ya rage alli ne kawai da za ka iya murtsukewa da yatsa.

Ƙwanƙwasa bangon ta ɗaya gefen, inda babu tayil. In ka ji yana amsawa kamar ganga, sai can ka ji wuri mai tauri bayan kowane santimita 40 ko 60, to allo ne a kan ginshiƙan katako ko na ƙarfe. In wuraren masu tauri a warwatse suke ba tsari, allo ne da aka manna a jikin bulo, kuma wannan yana da tasa tambayar a ƙasa. In kuwa gidan tsoho ne sosai, irin jerin gidajen nan na zamanin Sarauniya Victoria, kana iya tarar da filastar farar ƙasa a kan siraran katakai. Wannan wani aiki ne daban.

Zan iya cire tayil ɗin ba tare da na lalata allon ba?

Wani lokaci, amma kada ka sa rai. Gam ɗin tayil a jikin takarda yake kamawa, in kuma wanda ya sa shi ya iya aikinsa, gam ɗin ya fi takardar ƙarfi. Kana ɓamɓaro tayil zai taho da takardar, wani lokaci har da guntun allin.

Sa'a tana zuwa ta hanya biyu. Ko dai an shafa wa allon siririyar filasta kafin a sa tayil, sai tayil ya taho da filastar ya bar allon lafiya, ko kuma mai aikin farko ya yi ha'inci ya ɗiga gam a kusurwa huɗu da tsakiya kawai. A nan ha'incinsa ya zama ribarka.

Shawarata ita ce ka gwada da tayil biyar ko shida. In uku daga ciki sun taho da takarda, ajiye cizal ɗin. Na taɓa kwashe kwana biyu ina lallaɓa wani bango tayil bayan tayil, ina jin daɗi wai ina ceton allo, ƙarshe dai na yanke shi na zubar. Sabon allo bai kai kuɗin kwali ɗaya na tayil mai kyau ba, kuma aikin yanke tsohon bai fi na rabin yini ba. Duba amsar da ta yi bayanin yanke allon gaba ɗaya.

Wane kayan aiki nake bukata?

Guduma, cizal mai faɗin baki, wuƙar kankare fenti mai ƙarfi, zarton hannu na kankare girawut (cikon da ke tsakanin tayil), wuƙa mai reza, lebur mai tsawo, da buhunan zuba ɓaraguzai masu kauri. In za ka iya aro ƙaramin injin yankan nan mai karkarwa, zai rage maka wahala sosai. Giranda tana yanka da sauri, amma ƙurarta sai ta shiga har cikin tukunyar miya.

Tabarau na kariya da safar hannu mai kauri dole ne, domin fasasshen tayil kaifinsa kamar na kwalba yake. Takunkumi kuma mai lamba FFP3 ake so, ba irin na lokacin korona ba, saboda ƙurar tayil da siminti tana ɗauke da silika mai lahani ga huhu. Shimfiɗa tsohon bargo da kwali ko falanki a cikin baho, ka toshe magudanar ruwan da tsumma. Tayil ɗaya da ya faɗo da bakinsa ya isa ya huda bahon roba.

Me zan duba kafin in kai wa bangon duka na farko?

Waya, bututu, da shekarun gidan. A ƙa'idar wayoyin lantarki ta Ingila, waya tana tafiya a miƙe ne daga makunni ko soket, sama ko ƙasa ko gefe, sannan tana iya bi ta cikin santimita 15 daga silin ko daga kusurwar bango. Duba soket ɗin aski, injin shawa mai ɗumama ruwa da lantarki, da kuma soket ɗin ɗakin da ke bayan bangon, don shi ne mutane suke mantawa. Kashe wutar daga babban akwati. Ka san inda makullin ruwan gidan yake, ka kuma gwada shi tun kafin ka fara. Wasu sun yi shekara goma ba a murɗa su ba, sun daskare.

Maganar shekaru kuwa saboda asbestos ne, wani ma'adini da aka riƙa sawa a kayan gini a da, wanda ƙurarsa take lahanta huhu. Sai a 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya, don haka gidan da aka gina ko aka gyara kafin 2000 yana iya ɗauke da shi: a shafen silin mai zane-zane irin na Artex, a murfin gefen baho, ko a allon da aka rufe bututu da shi. Ido ba ya tantance shi. In ka ci karo da wani allo mai launin toka wanda ba shi da takarda, dakata, a kai samfur ɗakin gwaji.

To na yanke shawarar gwada ceton allon. Daga ina zan fara?

Fara da kankare girawut, wato cikon da ke tsakanin tayil, don kowane tayil ya rabu da maƙwabcinsa. Yanke silikon ɗin bakin baho da na kusurwa da reza. Sai ka nemi gefen da yake a buɗe, kamar layin sama ko bakin taga. In babu, fasa tayil ɗaya daga tsakiyarsa ka samu ƙofa.

Kwantar da cizal ko wuƙar kankare fenti a jikin bango, kusan a shafe, ka riƙa bugawa a hankali don ta shiga tsakanin tayil da gam. Kada ka yi banƙara da ita kana dogara da allon, nan take za ta huda shi. In dole sai ka banƙara, sa guntun falanki a ƙarƙashinta. Daga sama ake gangarowa ƙasa.

Takardar ta yage a wasu wurare. In gyara ko in canza?

Ya danganta da zurfin yagewar da kuma wurin da take. In saman takardar ne kawai ya ɗaye, kana ganin launin ƙasa-ƙasa a ƙarƙashi, yanke gefen da ya tashi da reza, shafa firaima, wato ruwan shafen farko da ake yi wa bango kafin gam, an gama. In farin allin ya bayyana a wuri ɗaya ko biyu da ba su fi tafin hannu ba, kuma nesa da ruwa, a shafa firaima a cike ramin da gam ɗin tayil na gari, a bar shi ya bushe.

Amma in allin ya fito a wurare da yawa, ko ka danna da babban yatsa ya lotsa, ko ka ga baƙin fumfuna, ko allon yana motsi in ka tura shi, babu wani gyara. Haka nan duk inda ruwan shawa yake sauka: ko yagewar kaɗan ce, canza. Layin ƙasa na bakin baho shi ya fi ruɓewa, domin nan ruwa yake shiga in silikon ya saki.

Yaya ake yanke allon da tayil ɗinsa gaba ɗaya, a sa sabo?

Cire layi ɗaya na tayil a iyakar wurin da kake son yankewa, sai ka yanka allon ta nan. Kada bakin zarton ya shiga fiye da kaurin allon, saboda waya da bututu. Huda wuri ka sa hannu biyu ka jijjiga, zai taho manya-manya da tayil ɗinsa a jiki. Yana da nauyi, kada ka tsaya a ƙarƙashinsa. Bayan nan cire duk tsoffin ƙusoshi da sukurori.

Yanzu da cikin bangon yake a buɗe, yi duk abin da za ka yi nadamar rashin yinsa daga baya. Duba ko akwai bututun da ke tsiyaya. Canza katakon da ya ruɓe. Kafa guntayen katako a kwance a inda gilashin shawa, wurin wanke hannu ko mariƙin tawul za su zauna, don sukuru ya sami abin kamawa. Masu tsoho a gida su ƙara katako inda za a sa ƙarfen dafawa. In bangon waje ne ka tarar da leda a bayan allon, ba shara ba ce, tururi take tarewa, in ta yage a liƙe ta.

Kowane gefe na sabon allo sai ya zauna a kan katako. Sukurori masu tsawon milimita 38 ake amfani da su a katako, tazarar santimita 30 tsakaninsu, kan sukurun ya ɗan nutse amma kada ya fasa takarda. Kada allon ya zauna a kan bakin baho, bar ɗan rata. Daga nan ɗora lebur ko miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 2 a jikin bangon: in ratar da ke ƙarƙashinsa ta wuce milimita 3, gyara yanzu, musamman in manyan tayil za ka sa. A gidajen bene masu hawa-hawa, bangon da ya raba ka da maƙwabci yana iya zama allo biyu ko allo mai launin hoda na tare gobara. Abin da ka cire, irinsa za ka mayar.

Allon gidana a jikin bulo aka manna shi, ba katako. Akwai bambanci?

Akwai. Dunƙule-dunƙulen gam aka jera a jikin bulon aka manna allon a kai. In ka ɓalle allon, dunƙulen za su tsaya daram, sai ka bi su da cizal ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ne aikin da ke cin lokaci. Bayan nan kana iya manna sabon allo haka nan, amma a wurin shawa na fi son allon da ruwa ba ya ci, a manna shi sannan a ƙara masa sukurori har cikin bulo.

Tayil ya fita lafiya, amma tsohon gam ya rage a bango. Yaya zan yi da shi?

Ɗiga masa ruwan ɗumi a wuri ɗaya ka gani. In ya yi laushi, gam ɗin bokiti ne, kana iya jiƙa shi kaɗan-kaɗan da soso kana kankarewa. Kada ka yi masa wanka, ka tuna takarda ce a ƙasa. In bai ko motsa ba, na siminti ne. Kankare tudun da za ka iya, in kuma ya cika bangon ne, koma amsar yanke allo.

A shago sun ce koren allo na banɗaki ne. Shi kaɗai ya isa?

Bai isa ba, kuma ga mu wannan ita ce babbar tambaya a shafin nan. Koren allo yana jure laima da tururi, amma har yanzu jifsam ne da takarda. Girawut kuma ba ya hana ruwa wucewa, tsotsa yake a hankali. Shi ya sa ƙa'idar aikin tayil ta Birtaniya, BS 5385, a gyaran da aka yi mata a 2018, ta ce a yi wa bangon wurin da ruwa ke zuba shafen hana ruwa kafin tayil. A wannan gyaran ne kuma ta daina amincewa da sa tayil kai tsaye a kan falanki a bango.

Sai dai Baturen da ya tsara banɗakin ka, a tunaninsa ruwa a cikin baho da shawa kaɗai yake zuba. Mu kuwa da buta muke shiga. Muna alwala sau biyar, ƙafa a cikin wurin wanke hannu ko a bakin baho. Da yawa mun sa mesar tsarki kusa da masai. Wasu har yanzu sai da bokiti da moɗa suke jin sun yi wanka, iyayenmu mata kuma in sun zo ziyara, wankin banɗaki a wurinsu shi ne a kwara ruwa a bi da tsintsiya. Saboda haka wurin da yake jiƙa a gidanmu ya fi abin da magini zai lissafa maka. Gaya masa a fili, kada ka ji nauyi: bangon gefen masai, bayan wurin wanke hannu, da layin ƙasa na zagayen ɗakin, duk a ɗauke su a matsayin wurin ruwa.

Hanya biyu ce. Ko a sa allon da ruwa ba ya lalatawa, na siminti irin HardieBacker da Aquapanel, ko na soso mai tauri irin Wedi da Marmox. Ko kuma a sa koren allo a yi masa shafen hana ruwa. Kamfanoni irin BAL da Mapei suna sayar da kayan a haɗe: firaima, tef na kusurwa da mahaɗar allo, da ruwan shafen da ake yi sau biyu. Kusurwoyi da inda bututu ya ɓullo su ne abin lura, ba tsakiyar bango ba. Allon siminti ma, ko da yake ba ya ruɓewa, ruwa yana ratsa shi ya kai ga katako, don haka shi ma a shafe shi a wurin shawa.

Sai an yi wa sabon allon filasta kafin a sa tayil?

A'a, kuma wannan kuskuren namu ne na gida, inda muka saba sai an yi filasta sannan komai. Tsirara allon ya fi ƙarfi. Allon da ba a shafa wa komai ba yana ɗaukar kilo 32 a kowane murabba'in mita, wanda aka yi wa filasta kuwa kilo 20 kacal, kuma lissafin ya haɗa da nauyin gam da girawut. Tayil ɗin fosilin (porcelain, mai taurin nan da ba ya tsotsar ruwa) mai kaurin milimita 10 shi kaɗai ya wuce kilo 20. Ga kuma jira: sabuwar filasta sai ta yi mako huɗu kafin a ɗora mata tayil. In rabin bango za ka yi wa tayil, a yi filastar a saman kawai inda fenti zai hau.

Wani magini ya ce in shafa PVA, farin gam ɗin nan na ruwa, kafin gam ɗin tayil. Haka ne?

Kada ka yarda. PVA yana zama kamar fata ne a saman bango, in danshi ya taɓa shi sai ya sake narkewa, tayil ya rataya a jikin abin da ba ya riƙe da komai. Firaimar akirilik ta masu tayil ake so. Amfaninta biyu: tana rage tsotson bango, tana kuma raba siminti da jifsam, domin in suka haɗu cikin danshi sukan haifar da wani gishiri da ke kumbura ya ture tayil.

Gam ɗin bokiti ko na gari?

Na bokiti sai ruwan cikinsa ya fita yake ƙarfi. Ƙananan tayil ɗin seramik a busasshen wuri, ba laifi. Amma a bayan babban tayil, ko fosilin da ba ya tsotsar ruwa, ko a kan shafen hana ruwa da aka yi bayani a sama, ruwan ba shi da mafita, sai ya yi makonni bai bushe ba. Na gari, wanda ake kwaɓawa, shi da kansa yake daskarewa. Nemi mai alamar C2 da S1 a jikin buhu, shi ne mai ɗan sassauci da ke jure motsin bangon katako. A shafa shi da cokali mai haƙora ya game bayan tayil duka, ba ɗige-ɗige ba.

Me zai hana in ɗora sabon tayil a kan tsohon in huta?

Nauyi. Haɗa na tsohon da na sabon da gam biyu, ka gwada da adadin kilon da aka bayar a amsar tambayar filasta a sama, yawanci za ka ga ka wuce. Ga shi kuma ba ka ga halin da allon bayan yake ciki ba.

Gidan haya nake. Zan iya yi?

Sai da izinin mai gida, kuma a rubuce, in ba haka ba daga kuɗin ajiyarka za a cire. In danshi ne ko tsiyayar bututu ya sa tayil yake faɗowa, ɗauki hoto ka aika masa, gyaran bututu da jikin gini a wuyansa yake. Gidan kansul, wato na ƙaramar hukuma, ma sai an nemi izini.

Ina zan kai ɓaraguzan?

Ware allon daban, tayil daban. Tun 2009 aka hana binne jifsam tare da sharar da ke ruɓewa a Ingila, saboda haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ba kowane wurin zubar da shara na kansul ne yake karɓar allon ba, wasu kuma sai ka nemi lokaci ta intanet. Kada ka cika buhu har baki, rabi ma sai ka yi nishi a kan matakala.

Ina gini a gida Najeriya. Wannan bayani ya shafe ni?

Kaɗan. A Kano ko Kaduna bangon banɗaki bulo ne, a fasa tsohon tayil, a sake filastar siminti da yashi, a ba ta kamar mako biyu. Inda maganar ta shafe ka shi ne in an raba ɗaki da allon jifsam, kamar yadda ake yi a ofisoshi da otal-otal a Abuja, aka kuma ce za a fitar da banɗaki a ciki. A nan, kwaɓin siminti da yashi da masu tayil ɗinmu suka saba laftawa ba zai yiwu ba, nauyinsa da ruwansa za su kashe allon. Sai gam ɗin tayil da firaima da shafen hana ruwa, ko kuma a ɗora bulo a huta.

An gama tayil. Kusurwa da bakin baho, girawut zan cika?

Silikon za ka sa, mai maganin fumfuna. Bangon katako yana motsi, baho ma yana ɗan sauka in mutum ya shiga, girawut kuwa tsagewa yake ya buɗe wa ruwa hanya. Cika bahon da ruwa kafin ka ja silikon ɗin, ka bar ruwan a ciki har kwana ɗaya, sannan ka zare toshiyar.